Idan Kamfanin Waya Ya Cire Maka Kuɗi Ba Da Saninka Ba

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron wata-wata da aka yi a Gwagwalada



Shugabanni sun umurce mu da mu yi bayani a kan wata matsala da ta daɗe tana ci wa jama'armu tuwo a ƙwarya, wato cire kuɗin da kamfanonin wayar salula ke yi wa mutum a layinsa ba da saninsa ba. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mana irin wannan kuka a ofis ba. Mutum ya sa katin naira 500 da daddare ya kwanta, gari ya waye ya tarar saura 350, alhali bai kira kowa ba. Ya yi tsaki, ya ce Allah ya isa, shi ke nan magana ta mutu. To, Allah ya isa gaskiya ce, amma doka ta tanadi hanyar neman kuɗin tun a nan duniya, kuma ita za mu bi da ku yau.

Wasu kan ce ai naira 20 ko 50 ba abin ta da jijiyar wuya ba ne. Mu yi lissafi tukuna. Idan ana cire maka naira 20 kullum, a wata an ci maka 600, a shekara 7,300. Ga mai tura baro a kasuwar Gwagwalada, ko ɗan acaɓan da ke wuni tsakanin Dagiri da Kutunku, wannan gumi ne. Sannan layukan waya a ƙasar nan sun haura miliyan 150. Ku auna abin da zai taru idan aka tsakuri kaɗan-kaɗan daga mutane masu yawa, kowa kuma ya yi shiru domin yana ganin nasa bai taka kara ya karya ba.

Dattawan da ke nan ba su manta ba, a watan Agusta na 2001 ne aka fara wayar salula a Nijeriya. A wancan lokaci naira 50 ake biya a minti ɗaya, kuma ko sallama kawai ka yi layi ya yanke, an cinye maka kuɗin minti cikakke. Aka yi ta cewa lissafi da daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna. A watan Agusta na 2003 kamfanin Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, ranar 19 ga Satumba na wannan shekara kuma jama'a da yawa suka kashe wayoyinsu na yini guda domin nuna fushinsu a kan tsada da rashin kyawun layi. Ba a daɗe ba sauran kamfanonin suka bi sahu. Abin da aka ce ba zai yiwu ba sai ga shi ya yiwu da aka matsa.

Akwai hukumar da ke sa ido a kan waɗannan kamfanoni, ita ce Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, wadda hedikwatarta ke Maitama a nan Abuja. Dokar sadarwa ta 2003 ce ta ba ta ikon kare masu amfani da waya, a 2007 kuma ta fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowane kamfani ya bayyana farashinsa a fili, ya kuma samar da hanyar karɓar ƙorafi. A 2018 ta haramta sa mutum cikin wani tsari na biyan kuɗi, ko sabunta masa shi, ba tare da amincewarsa ba. A lura da wani abu, 'yan'uwa: a wannan hakki ba a tambayar takardar shaidar zama ɗan asalin gari. Ko daga Katsina ka zo, ko Zariya, ko Sakkwato, muddin layin da sunanka aka yi masa rajista, hakkinka daidai yake da na kowa.

Amma kafin mutum ya ɗaga waya ya fara faɗa, ya kamata ya tabbatar da abin da ya ci kuɗin, domin ba kowace cirewa ce zalunci ba. Wanda ya ci bashin kati ya manta, da zarar ya sa sabon kati za a zare bashin, kuma tun wajen bayarwa an riga an cire lada. Wanda datarsa ta ƙare alhali intanet na buɗe a wayarsa, wayar na iya komawa cin kuɗin kira, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Sau da yawa ma yaran gida ne ke kallon bidiyo bayan maigida ya yi barci. A watan Janairu na 2025 hukuma ta amince wa kamfanonin su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, saboda haka katin da ke kai ka mako a da ba lallai ya kai yanzu ba. Har ila yau, a watan Yuni na 2025 aka sauya tsarin kuɗin tura kuɗi ta lambobin banki da ake dannawa a waya. Naira 6.98 ɗin da banki ke cirewa daga asusu a da, sai aka koma cire ta daga katin waya. Mutane da yawa sun kawo mana kuka a kan wannan, amma da amincewar hukuma aka yi shi.

Wanda muke magana a kansa daban ne. Shi ne ka tarar an sa ka cikin tsarin waƙar da mai kiranka ke ji, ko labarin ƙwallo, ko wasan kacici-kacici, ko saƙon shawarar lafiya, ana cire maka kullum ko mako-mako, kai kuwa ba ka taɓa nema ba. Yadda abin yake shiga shi ne, wani rubutu ya faɗo a fuskar waya da Turanci, mutum yana sauri ya danna domin ya kawar da shi, ashe ya danna amincewa ke nan. Ko a kira ka, murya ta ce danna ɗaya. Wani lokaci ma a ce kwana bakwai kyauta ne, ran na takwas a fara yanka. Mu da muka yi karatunmu da girma a ajin yaƙi da jahilci mun san nauyin wannan, domin iyayenmu mata da dattawa da ba su karanta Turanci su aka fi cuta. A ganinmu, amincewar da aka karɓa daga mutumin da bai san abin da aka rubuta masa ba, ba amincewa ba ce.

To, me za a yi? Da farko kada a goge saƙon. Wannan ɗabi'a ta share saƙonni domin waya ta cika tana kashe mana hujja. Saƙon da ya ce an cire maka kaza domin kaza shi ne shaidarka. A rubuta rana, da lokaci, da adadin kuɗin da ke ciki kafin cirewa da bayanta. Tun 2023 aka daidaita lambobin dukkan kamfanoni suka zama iri ɗaya: *310# domin duba kuɗin da ya rage, *305# domin dubawa da tsayar da irin waɗancan tsare-tsare, 300 kuma domin kiran ofishin kamfani.

Bayan ka tsayar da tsarin, sai ka kira 300. Idan Turanci zai ba ka wahala, nemi a haɗa ka da mai jin Hausa. Kada ka yi zagi, domin yaron ko yarinyar da ta ɗauka ma'aikaciya ce, ba ita ta ci kuɗinka ba. Faɗa mata abin da ya faru, ka tambaye ta sunan tsarin da aka sa ka, da ranar da aka sa ka, da yadda aka yi ka amince. Sa'an nan ka ce kana son a maido maka da kuɗinka, ba tsayarwa kawai ba. A nan ne mutanenmu ke sakaci. Da an ce masu an cire su daga tsarin sai su yi godiya su kashe waya, kuɗin watanni uku ya tafi ke nan.

Abu mafi muhimmanci a duk wannan jawabi shi ne lambar ƙorafi. Duk ƙorafin da aka shigar a kwamfutar kamfani yana da lambarsa. Kada ka ajiye waya sai an ba ka ita, ko an karanta maka ka rubuta, ko an turo maka ta saƙo. Idan aka ce ka yi haƙuri za a duba, ka ce ka ji, amma a ba ka lambar. Ka kuma tambayi kwana nawa za a ɗauka. Ƙorafin da ba shi da lamba kamar bashi ne da ba shaida, gobe kana sake kira wani ne zai ɗauka, ya ce bai san zancen ba, ka koma farko.

Idan lokacin da suka ɗiba ya wuce ba a yi komai ba, ko aka ba ka amsar da ba ta gamsar da kai ba, sai ka kira 622. Wannan layin hukumar NCC ne, kuma kyauta ne. Abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka kai kuka wurin kamfanin, da lambar da aka ba ka. Shi ya sa ba a tsallake matakin farko. Su ne za su tuntuɓi kamfanin su bi sawun maganar. Akwai kuma hukumar kare hakkin masu saye, wato FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye, ita ma tana karɓar ƙorafi idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Domin rage saƙonnin talla tun daga tushe, tun 2016 hukuma ta samar da lamba 2442. Mutum ya rubuta STOP ya aika mata, kyauta. Sai dai wannan talla yake tarewa, ba ya cire ka daga tsarin da aka riga aka sa ka, wannan aikin *305# ne.

Gargaɗi ɗaya kafin mu zauna. Idan wani ya kira ka ya ce daga kamfani yake, za a maido maka da kuɗi, amma ka karanto masa lambar sirrin katin bankinka ko wata lamba da aka turo maka, kashe wayarka. Ɗan damfara ne. Kuɗin kati a layi ake maido da shi, ba ya buƙatar sirrin banki.

Ofishin sakatare ya buɗe littafi na musamman domin wannan matsala. Duk wanda aka cire wa kuɗi ya zo da wayarsa bayan an tashi daga ajin manya na yamma, matasanmu za su karanta masa saƙon, a kira kamfanin a gabansa, a rubuta lambar ƙorafin a littafi. Iyayenmu mata da ba su samun fitowa su aiko da wayar ta hannun shugabar mata. Idan ƙorafe-ƙorafen suka taru a kan abu iri ɗaya, za mu haɗa su a takarda guda da sunan ƙungiya mu kai Maitama da hannunmu.