Ƙarar injin niƙa: me ya sa lissafin matsakaici yake ruɗin mutane?

Yau maganar kunne za mu yi, kuma da masu injin niƙa nake, tun daga Mandera har cikin Bodinga da Shagari, da yaran da ake aikowa niƙan gero su tsaya a bakin injin suna jira.

Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Hira irin ta yau da kullum tana kai wajen 60. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, ta ce in ƙara ta kai 85, kada mutum ya wuce awa 8 a cikinta a rana. Duk ƙarin desibel 3 kuma yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal.

To ga inda ake ruɗewa. A ce mai inji ya yi awa 7 yana zaune ana hira a kan 60, sannan ya tada inji na awa 1 a kan 100. Lissafin firamare zai ba ka matsakaici 65, ka ce ai lafiya lau. Ba haka ba ne wallahi. Desibel ba a tara shi kamar kuɗin cefane, don ƙarfin ƙarar 100 ya ninka na 60 sau dubu goma. In aka yi lissafin yadda masana suke yi, matsakaicin ranar nan kusan 91 ne. Awa ɗayan nan ita ta cinye ranar gaba ɗaya.

Shi ya sa aunawa sau ɗaya ba ta wadatarwa. Manhajojin waya suna ba da ƙiyasi, amma a bar wayar ta ɗau lokaci tana aunawa, kusa da kunnen mai aikin, ba daga bakin ƙofa ba. In babu waya, ga gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai tsawon hannu ya ji ka, to wurin ya kai 85 ko ya wuce.

Wannan shuuu ɗin da kunne ke yi bayan an kashe inji gargaɗi ne. Ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Auduga kuwa, da yawa ke cusawa, ba ta tare abin kirki. Abin toshe kunne na roba ko na soso ake nema. Yaran niƙa kuma su ajiye kwano su jira daga waje.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.