Turbo a Hanyar Damargu

Daga Tanut zuwa Belbeji yanzu ana yawan zancen ɗora wa tsohuwar Land Cruiser mai inji 1HZ turbo, wai don ta ja kaya cikin rairayi. Ja kam za ta ja, amma aikin yana wajen famfon gazuwal.

Turbo iska yake cusa wa inji, famfo kuwa shi ke auna mai. In makaniki ya buɗe famfon da ka, mota ta tashi da baƙin hayaƙi, zafi ya taru, fistan ya narke ko kan inji ya tsage, wataƙila a tsakiyar hanyar Agadas. Abin da ake so shi ne na'urar da ke ƙara mai daidai da ƙarfin iskar, da agogon zafin hayaƙi gaban direba. Motar isansi kuwa akasin haka ne, ƙarancin mai ke cin ta.

Matatar mai ta SORAZ tana nan Ollelewa tun 2011, to amma man bumburutu mai ƙura, malam direba, famfon da aka matsa wa ba ya jure shi.