A Buɗe Wa 'Yan Sakandare Majalisar Taɗi

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin makaranta, ɗan jam'iyyarmu, ya yi a taron iyaye da malamai na wata makarantar sakandare da ke kusa da unguwar Hausawa a Agege, Ikko. Mun buga shi yadda ya faɗa.



Na gode da wannan girma da aka ba ni, aka ce in zo in yi magana a kan tarbiyyar yaranmu na sakandare. Ni dai ba mai wa'azi ba ne. Alli na riƙe shekara da shekaru, saboda haka abin da zan faɗa muku daga cikin aji na ɗebo shi. Zan kuwa fara da laifin kaina, don kada wani ya ce na zo tonon asirin jama'a ne.

A wata makaranta da na koyar, ni ne mai kula da ƙungiyar muhawara. Kowace Laraba bayan la'asar mukan taru a babban ɗakin taro, in ba yara batun da za su yi gardama a kai. Kun san irin batutuwan, domin har yanzu su ake yi: likita da malamin makaranta wa ya fi amfani, zaman birni da zaman ƙauye wanne ya fi daɗi, uwa da uba wa ya fi wahala da ɗa. Yara sukan haddace jawabin da yayyensu suka bar musu cikin tsohon littafi, su zo su zuba shi da Turanci mai kauri, a tafa musu, a ba da maki, a watse. Ran nan, mun dawo daga dogon hutu ke nan, sai wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mun dawo mun tarar da kujeru uku a ajinmu babu masu su. Biyu an yi musu aure, ɗaya an mai da ita talla. Me zai hana mu yi muhawara a kan wannan?" Sai na ji gabana ya faɗi, don na san uban ɗaya daga cikin yaran nan mutum ne mai faɗa a ji a garin. Na ce mata ta zauna, wannan ba maganar yara ba ce. Ta zauna. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a ƙungiyar ba, kafin ƙarshen zango ma ta daina zuwa. Mu kuwa muka ci gaba da likita da malami.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina. Yarinyar nan ita kaɗai ce a cikinmu ta zo da tambaya ta gaske, ni kuma da ake biya albashi don in koya mata tunani, ni na rufe mata baki.

Abin da na zo roƙo yau ke nan: a ware wa yaran nan sa'a guda a kowane mako, su zauna da malami, su tattauna al'amuran da su ke gani da idonsu a unguwa da gida da makaranta. Kada kuwa wani ya ɗauka baƙon abu na kawo. A farkon shekarun 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na biyu, akwai wani zama da ake yi a Bauci da ake kira Majalisar Taɗi ta Bauci. Malaman Midil da ma'aikatan En'e da waɗansu Turawan mulki su ke haɗuwa, a ɗauki batu a yi ta gardama a kansa. A cikinsu akwai Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Sa'adu Zungur wanda ya taɓa karatu a Babbar Kwalejin Yaba a nan Ikko, da Malam Aminu Kano wanda aka haifa cikin 1920, watau a lokacin bai daɗe da wuce shekara ashirin ba. Ba su ɓata lokacinsu a kan birni da ƙauye ba. Sun yi gardama a kan tsarin da Turawa su ke mulkin talakawa ta hannun sarakuna, ko gyara ya ke so ko rushewa. Har ta kai Malam Aminu ya tambayi a kan me ake yanke albashin sarki, kuma ba a daɗe ba bayan wannan tambaya hukuma ta rufe majalisar.

An rufe ta, amma ta riga ta yi aikinta. Cikin 1950 Malam Abubakar, wanda a Bauci shi ne mai sassauci a cikinsu, ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Cikin 1957 ya zama Firayim Minista. Malam Aminu ya shugabanci NEPU, ya ƙare rayuwarsa cikin 1983 yana kan maganar talaka. Mutanen nan sun saɓa da juna ƙwarai a siyasa, kowa ya kama hanyarsa, amma dukkansu a zama ɗaya suka koyi tsayawa gaban manya su faɗi hujja cikin ladabi, a ba su amsa mai zafi, su haɗiye, su dawo mako mai zuwa da wata hujjar.

To, na san abin da ke ran waɗansu iyaye, domin ina ganin fuskokinku. Kuna cewa, mu da muka tashi yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, yanzu kuma za a koya musu musu? Wannan tsoro ne mai tushe, ban raina shi ba. Amma ina roƙonku ku bambanta tsakanin fitsara da tambaya. A zauren malamai na ilmi, almajiri yakan tsai da malaminsa a tsakiyar karatu ya ce bai gane ba, ko ya ce a littafi kaza ya ga saɓanin haka, malam kuwa ya ji daɗi, don ya san ya sami mai bin karatu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa cikin 1754, yana da kamar shekara ashirin ya fara wa'azi, yana magana a kan zalunci da barin mata cikin jahilci. A ƙauyukanmu kuma samari suna da sarkinsu, su shirya gayya, su sasanta rigimar dandali tsakaninsu, dattawa na kallo daga nesa. Iyayenmu sun san cewa yaron da ba a bari ya gwada hankalinsa a ƙaramin abu ba, ran da babban abu ya faɗo masa sai ya ruɗe.

Bugu da ƙari, ko mun so ko mun ƙi, yaran nan suna tattauna waɗannan al'amura. Suna yi a bakin titi, da gidan kallon ƙwallo, da cikin wayar da ke aljihunsu, inda babu malami babu uba. Ku tuna abin da ya faru cikin watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo garin nan. Cikin dare ɗaya saƙo ya zagaya ƙasa ta waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka yi ta tashin 'yan uwansu daga barci, har aka sami waɗanda suka rasa rayukansu saboda gishirin. Da yawa daga cikin waɗanda suka tura saƙon nan sun yi makaranta, suna da takardar shaida. Abin da ba a koya musu ba shi ne su tsaya su ce, wa ya faɗa, kuma ina hujjarsa?

Ga kuma maganar ƙwaya, wadda na san ita ta fi hana iyaye da yawa barci a unguwar nan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Shiyyar Kudu maso Yamma, inda mu ke zaune, ita ce kan gaba. Cikin watan Mayu na wannan shekara ta 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka ta yi nata, amma doka ba ta shiga bayan aji lokacin tara, sa'ad da aboki ya miƙo wa yaro kwalba. Mukan gayyato jami'i ya yi musu lacca sau ɗaya a shekara, su zauna tsit kamar ruwa ya ci su, ya tafi. Ni a ganina ya fi amfani a tambaye su su da kansu: me ke sa ɗan aji biyar ya fara sha? Za ku ji amsoshin da babu su a takardar jami'in. Wani zai ce tsoron jarrabawa, wani zai ce gidansu ba a magana da kowa, wani zai ce aikin ƙarfi da ya ke yi a kasuwa bayan an tashi makaranta. Yaron da ya faɗi dalili da bakinsa gaban 'yan ajinsu, ya kuma ji sun ba shi amsa, ya fi kusa da iya cewa a'a ran da aka miƙo masa.

Kada kuma mu manta cewa ɗan aji shida na yau, gobe mai jefa ƙuri'a ne, domin shekara 18 doka ta ce. Cikin 2018 aka gyara tsarin mulki, aka rage shekarun tsayawa takarar Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, na Shugaban Ƙasa daga 40 zuwa 35. Watau yaron da ke zaune a bencin can na baya, nan da shekara bakwai ko takwas yana iya neman ya wakilce mu. In bai taɓa sauraron wanda ya saɓa masa har ya gama magana ba, wane irin wakili za mu samu? A nan zan ja kunnen 'yan uwana na jam'iyya. Wannan zama da na ke roƙo ba filin kamfe ba ne. Kada wani ya shigo da hula ko tuta ko hoton ɗan takara. Ran da aka mai da shi wurin ɗaukar 'yan bangar siyasa, ni zan fara neman a rufe shi.

Yadda za a tafiyar da zaman ba wuya gare shi, sai dai yana son malami mai haƙuri. Yara su za su kawo batu, su rubuta a takarda ba suna, su jefa a akwati, a zaɓi ɗaya a sanar da shi mako guda kafin ranar, don kowa ya je ya tambayi na gaba da shi ko ya duba littafi. Ana maganar matsala ne, ba a kama sunan kowa, ba a cewa gidan wane. Malami ya zauna a gefe, aikinsa ya raba lokaci, ya tsai da zagi, ya kuma riƙa tambayar mai magana inda ya samo abin da ya faɗa. Abin da ya fi wuya ga irinmu malamai shi ne mu riƙe bakinmu, don mun saba mu ne masu amsa. Ya kamata kuma lokaci lokaci a juya su, wanda ya goyi bayan magana a sa shi ya kare kishiyarta. Na gwada wannan daga baya a wata makarantar, na ga yaro mai taurin kai ya tsaya a tsakiyar jawabinsa ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe su ma suna da gaskiya." Ban taɓa ba da makin da ya kai wannan jimla daraja ba.

Game da harshe, ina roƙon Shugaban makaranta ya sassauta dokar nan ta cin tarar wanda ya yi yarensu, ko da na sa'a gudan nan ne. Yarinyar da za ta yi bayanin abin da talla ke jawowa, in aka ce lalle sai da Turanci, rabin abin da ke cikinta zai maƙale a wuya. A bar ta ta faɗa da Hausa, ɗan ajinsu ya fassara. Ga shi Allah ya ba makarantar nan abin da makarantu da yawa na Arewa ba su da shi: Bahaushe da Bayarabe da Ibo a benci ɗaya, Musulmi da Kirista. Duk abin da ɗayansu ya ji ana faɗa game da ɗan uwansa a gida, ga ɗan uwan nan zaune kusa da shi, sai ya tambaye shi.

Akwai hatsari guda da ba zan ɓoye muku ba. In yara suka saki jiki, wata rana wani zai faɗi abin da ya fi ƙarfin aji, kamar duka mai tsanani a gida, ko wani babba da ke bin yarinya da lalata. Dole malami ya san abin da zai yi tun kafin ranar ta zo: ya tsai da maganar cikin hikima, ya ga yaron shi kaɗai bayan an tashi, ya kai ga malamin ba da shawara da Shugaban makaranta. Makarantar da ba ta shirya wa wannan ba, gara ta jinkirta buɗe zaman har ta shirya.

Ku kuma 'ya'yana, kada ku ɗauka na zo karɓar muku lasisin surutu ne. Wanda ya zo majalisa bai yi bincike ba, a ba shi kunya. Wadda aka kayar da hujjarta, ta yi godiya ta koma ta sake shiri. In babanka ya tambaye ka da dare me kuka tattauna, ka gaya masa cikin ladabi, ka kuma ji nasa ra'ayin, ka kawo mana shi mako mai zuwa.

Shugaban taro, na yi magana da Shugaban makaranta kafin mu shigo, ya ce in iyaye sun yarda zai ba da ɗaki da sa'a guda ranar Laraba. Ni kuma na yi alkawari zan riƙa zuwa in zauna a baya har ƙarshen zangon nan. Alfarma ɗaya na ke nema, a bar ni in jefa takardar farko a akwatin. Tambayar yarinyar nan ce zan rubuta, ta kujeru uku da babu masu su. Yanzu sai a ji ta bakin iyaye.