Bakin Ruwa Na Kowa Ne, Amma Ta Ina Za A Shiga?



Da yawa daga cikinmu gobe su ne ma'aikatan tsara gari, saboda haka muka ga ya kyautu mu duba yadda birnin San Faransisko na Amurka ya yi da bakin ruwansa.

A da, mashigin tekun da birnin yake gefensa ya zama juji. Ana ta cike shi da ƙasa da shara domin a sami filin gini, har ya zamana abin da jama'a ke iya kaiwa na gaɓarsa bai wuce mil 4 ba. Cikin 1961 mata uku, Kay Kerr da Sylvia McLaughlin da Esther Gulick, suka tashi tsaye. Cikin 1965 Jihar Kalifoniya ta kafa hukumar kula da mashigin, aka kuma wajabta wa mai gini a gaɓa ya bar wa jama'a hanya.

To, amma fa doka ba ta sa jirgi a ruwa. Mu ɗauki masu wasa iri biyu. Na farko shi ne mai allon iska, watau faffaɗan allo da aka kafa wa ƙyalle, mutum ya tsaya a kai iska ta tura shi. Wasan ya shiga gasar Olamfik cikin 1984. Na biyu shi ne mai kayak, ɗan siririn kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu. Mai allo yana bukatar iska mai ƙarfi, da fili mai ciyawa inda zai shimfiɗa ƙyallensa ya ɗaura, da wurin ajiye mota kusa, gama kayansa na da nauyi. Mai kayak kuwa ya fi son ruwa kwance, da gaɓa mai gangare a hankali ko matakala mara tsawo. Wanda ya jera manyan duwatsu a gaɓa ya hana su duka biyu, ko da ya kafa allon maraba.

An gane wannan a Crissy Field, tsohon filin jirgin saman soja. Ya koma hannun hukumar gandun ƙasa cikin 1994, aka buɗe shi a matsayin filin shaƙatawa cikin 2001. Da bazara iskar yamma takan kunno ta mashigar Golden Gate bayan azahar, don haka aka tanadi wurin mota da na ɗauraye kaya dab da rairayin gabas, inda masu allo ke shiga. Aka farfaɗo da fadama, aka keɓe wani yanki na yamma domin tsuntsaye. Cikin 2005 kuma jihar ta yi dokar hanyar ruwa ta ƙananan jirage marasa inji, domin a haɗa mashigai a kewayen mashigin.

Jama'a, darasinmu ke nan. Ran da aka miƙo mana taswirar gaɓar wani tafki ko kogi, kada mu sa hannu daga kan tebur. Mu taka daga bakin titi har ruwa, ɗauke da kaya. Mu tambayi wanda zai shiga, ko ɗan wasa ne ko masunci, ina iska ke fitowa, ina ƙafa ke zamewa. Gyaran takarda fensir yake ci, gyaran kankare kuwa kuɗin talakawa.