Sanin Katantanwar Ruwa da Yaƙi da Cutar Tsargiya



A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kiwon kifin teku cikin akwatunan gilashi, waɗanda kan zaɓi katantanwa da idon basira, su saka ta a ruwan domin ta cinye gansakuka. Su sha'awa ce ta kai su ga wannan sani. A ƙasar Katsina kuwa lafiyar yara ce ta wajabta shi, domin ta cikin katantanwa cutar tsargiya ke bi kafin ta shiga jikin ɗan Adam.

A shekarar 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar wannan cuta a birnin Alƙahira. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar, a can Masar, da irin katantanwar da ke renon ta. Ga yadda al'amarin yake: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shige katantanwa. Bayan kamar wata guda sai dubban 'ya'yan tsutsa su riƙa fitowa, galibi da tsakar rana, watau daidai lokacin da yara ke wanka, su huda fata su shiga jini.

To, amma kama da wane ba wane ba ne. Iri huɗu ya kamata a rarrabe. A riƙe katantanwar, tsininta sama, bakinta na fuskantar mai dubawa.

Ta farko, wadda masana ke kira Bulinus, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, bakinta na hagu, ba ta da murfi. Ita ce uwar tsargiyar fitsarin jini. Ta biyu, Biomphalaria, shimfiɗaɗɗiya ce, naɗe kamar gammo, girman maɓallin riga. Tana ɗauke da tsargiyar hanji. Ta uku, Lymnaea, mai tsini ce, da faffaɗan baki a dama; ita ke renon tsutsar da mahauta kan tarar a hantar shanu da tumaki. Ta huɗu, Pila, ƙatuwa ce mai murfi a baki, kuma duk da girmanta ba ruwanta da tsargiya. Ashe ke nan ƙaramar da ido ke rainawa ita ce abar tsoro.

Wannan bayani ya shafi ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi kai tsaye. Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, alheri ce ga masunta da masu noman rani, sai dai kwantaccen ruwa mai ciyawa shi ne gidan katantanwa. An ga haka a Gana, inda tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan bakin tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo a 1965. Har ila yau, kududdufin ƙauye irin na Tamawa, wanda kan ƙafe da rani, kada a ɗauka ya tsira, gama wasu ire-iren Bulinus kan nutse cikin laka su kwanta, su farfaɗo da saukar damina.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan kowa. Ɗalibi ya koyi duba katantanwa, amma da cokali ko safar hannu ta roba. Malamin tsabta ya san mashayar da take, ya sa a nome ciyawar bakin ruwa. Ruwan wanka a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana 2, domin 'ya'yan tsutsar ba su wuce haka da rai. Iyaye kuma su daina ɗaukar fitsarin jini alamar balaga. Maganin praziquantel na kashe tsutsar, amma yaron da ya koma ruwan nan zai sāke kamuwa, cutar da aka bari kuwa kan lalata mafitsara da ƙoda.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba da lafiya, ya sa a amfana.