Naira 170 a Rana: Aikin Gida da Bashin Gida

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, 'yar kasuwa kuma ɗaliba a ajin yaƙi da jahilci, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, farkon shekarar 2025.



Hajiya Shugaba, uwar ƙungiya, Ma'aji, malamarmu ta aji, iyayenmu mata da suka taso daga Shema da Kurfi da nan cikin garin Dutsin-Ma, da mazajenmu da ke zaune can baya, ina yi maku barka da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. An ce in yi magana a kan bashin gida, yadda mace za ta taimaka a gama biyan shi kafin lokacin da aka yanka. Ni ba ma'aikaciyar banki ba ce, tumatir da tattasai da man gyaɗa nike saidawa a Kasuwar Laraba. Abin da na rubuto da hannuna na rubuta shi, in kun ji na tsaya to rubutun nawa ne nike ƙoƙarin ganewa, ku yi mani haƙuri.

Bari in fara da irin bashin, don mu san abin da muke magana a kai. Duk wadda mijinta ke aikin gwamnati ta ce ya nuna mata takardar albashin shi, mai yiwuwa ta ga wurin da aka rubuta NHF. Wannan shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa, an kafa shi a 1992, ana cire ma ma'aikaci kashi biyu da rabi cikin ɗari duk wata, kuma bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke riƙe da kuɗin. Mai zubi a ciki yana iya neman rancen gina gida ko saye, da ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, a biya cikin shekaru har zuwa 30. Takardar gidan tana hannun banki sai ranar da aka gama. Wato gidan naka ne, amma a jingine yake.

Mu a farkon 2019 Malam ya amshi naira miliyan 3, a biya cikin shekara 20. Duk wata ana cire mashi kusan naira 21,500. Na daɗe ina jin wannan adadi ban san cikin shi ba, sai da muka kai darasin kashi cikin ɗari a aji, na ɗauko takardar na kai ma malama muka zauna muka buga. A watan farko, cikin 21,500 ɗin nan, naira 15,000 ruwa ne. Abin da ya taɓa uwar kuɗin bai kai 6,500 ba. Ku sake ji: kashi uku za ki raba kuɗin, fiye da biyu sun tafi a ruwa. In aka bi shi a haka har shekara 20, miliyan 3 ɗin nan za a biya ta miliyan 5 da dubu ɗari da hamsin da wani abu.

Dalilin shi ne ruwan a kan abin da ya rage ake lissafa shi. In uwar kuɗi tana da yawa, ruwa na da yawa. In ta ragu, ya ragu. To duk nairar da kika jefa a kan uwar kuɗi yau, kin kashe 'ya'yan da za ta haifa har shekaru masu zuwa. Muka buga da malama cewa in aka ƙara naira 5,000 kacal duk wata, bashin shekara 20 zai ƙare a cikin shekara 14, kuma ruwan da za a tsira da shi ya haura naira dubu 700. Naira 5,000 a wata kuwa, in kin raba ta kwana talatin, ba ta kai 170 a rana ba.

To ina 170 ɗin za ta fito, albashi ga shi an riga an yanke mashi wuya? Daga cikin gida. A nan ne nike so mu daɗe.

Mu mata mun saba cewa "ba ni aikin komi, ina gida." Wadda ta faɗi haka ta tashi tun asuba, ta hura wuta, ta yi ɗumame, ta yi shara, ta yi wanke-wanke, ta yi surfe da bakace, ta wanke kayan mutum takwas, ta ba awaki dusa, ta ɗora sanwar dare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in kin kira wata ta yi maki, sai kin biya. Ashe aikin kuɗi ne, illa dai ba a ganin kuɗin, suna narkewa cikin cefane. Abin da na yi shi ne na samu gwangwanin madara na huda, na samu littafi mai shafi arba'in. Duk ranar da na yi da hannuna abin da da can nike biya a yi mani, sai in biya kaina, in jefa a gwangwani, in rubuta. In ban jefa ba a ranar, kuɗin sun tafi, ko a alawar yara ko a anko.

Kokon safe shi ne na farko. Da, kullum sai an aiki yaro ya sawo koko da ƙosai na mutum takwas. Yanzu in na jiƙa gero na kai inji sau ɗaya, gasarar tana kai mu kwana uku, dusar ta tafi ga awaki, ruwan tsari ma su ke sha. Na biyu itace. Murhun duwatsu uku rabin wutar shi iska ke sha. Na sa aka gina mani murhun laka mai baki ɗaya, ina jiƙa wake tun dare, ina rufe tukunya, in an gama girki a kashe ragowar icen da ruwa ya zama gawayin guga. Na uku kayan miya, wannan kuwa sana'ata ce, na san ta. Lokacin da masu noman rani na gefen dam ɗin Zobe suka sako tumatir kasuwa ta cika, har ana roƙon ki ki saya, lokacin ne za ki yanka ki shanya ki yi kauɗa, ki haɗa da tattasai da kuɓewa. Da damina in ɗanye ya yi tsada, ke miyarki ba ta san an yi ba. Ga gyaɗa kuma: in kin matse manki, ƙuli-ƙulin riba ne. Kashin awaki da na kaji a tara a buhu, masu gona na neman shi yanzu da takin zamani ya fi ƙarfin talaka.

Amma kar ku ce na ce komi sai an yi da hannu. Ni ba ni daka. Awa biyun da zan yi a bakin turmi, in na yi su a rumfa sun fi kuɗin inji nesa, ga ciwon baya da maganin shi sai ya cinye abin da aka tara. Kowace ta auna lokacinta kamar yadda take auna tiya. Kuma tsimin da zai hau kan ɗiya mace ita kaɗai, a hana ta makaranta don talla ko ɗebo ruwa, wannan ba tsimi ba ne, bashi ne aka sake ci a kanta. Ni na kai shekara arba'in kafin in iya rubuta sunana, na san abin da nike faɗi. A gidanmu samari ke ɗebo ruwa, kuɗin 'yan garuwa na shiga gwangwani. Malam ke guge kayan shi ranar Asabar. Da farko ya ce abokan shi za su yi mashi dariya, na ce ya tambaye su ko za su biya mashi bashin. Iyayenmu maza da ke baya, ba da ku nike ba, amma in kun ji ya yi daidai ku ɗauka.

Ba kowane wata ne 5,000 ɗin ta cika ba. Kun tuna 2021, da gwamnatin jiha ta hana saida dabbobi a kasuwanni da dama har da tamu saboda matsalar tsaro, aka hana motocin itace fitowa daga daji, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a nan da Kurfi da sauran ƙananan hukumomi. Sai farkon 2023 canjin kuɗi, da kuɗinka a banki amma ba ka da na gishiri. Sai cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar, kuɗin mota da na inji suka ninka. A irin waɗannan watanni abinci ne gaba, gwangwani ya jira. Ramukan da aka bari ragon da nike turkewa don babbar sallah ne ya cike su, da kwasar adashina na ƙungiya.

Ga inda muke yanzu bayan shekara shida. Da ba mu ƙara komi ba, da saura wajen miliyan 2 da dubu 440. Takardar da muka amso a watan jiya ta nuna saura miliyan 2 da 'yan kai. Abin da ya fita daga gwangwani da rago da adashi wajen dubu 360 ne, amma bashin ya ragu da fiye da dubu 400. Bambancin nan ruwa ne da aka hana shi tsirowa. Kuma ba sai na faɗa maku ba, mu Musulmi ba mu kwana da daɗi da bashin ruwa a kanmu, ko da lalura ce ta sa. Wadda ke da zaɓi ta tambayi malamai, ta kuma leƙa bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Sai dai a can an riga an yanke farashi tun farko, don haka ta tambaya tun kafin sa hannu ko za a yi mata rangwame in ta gama da wuri.

In za ki kai ƙari, kar ki miƙa kawai ki juyo. Ki ce a sa shi a kan uwar kuɗi, a rubuta haka a rasit. In ba ki faɗa ba, ana iya ɗaukar shi a matsayin biyan watan gaba da kika kawo da wuri, ruwa na nan yana tafiya yadda yake. Ki tambaya ko akwai tara ga mai biya kafin lokaci. Duk ƙarshen shekara a amso takardar da ke nuna abin da ya rage.

Wata 'yar'uwa a kasuwa ta ce mani, ke wauta kike, kaya na tashi kullum, rediyo ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bashin ku kuwa kashi 6 ne, ki sayi gero da kaka ki aje ya fi maki. Wallahi tana da gaskiya, a lissafi ta fi ni. Shi ya sa ban taɓa ɗibar ko sisi daga jarina ba. Jari shi ke haihuwa, kaza mai ƙwai ba a yanka ta don a biya bashi. Abin da ke shiga gwangwani kuɗi ne waɗanda in ban kama su ba, ba gero za su zama ba, ɓacewa za su yi. Sannan gero a ɗaki yana iya faɗuwa, ƙwari na iya ci, a wannan zamani ma ana iya kwashewa. Malam kuma saura mashi shekaru kaɗan ya aje aiki, ba mu so bashi ya bi mu cikin fansho.

Da yawanku ba ku da bashin banki, amma kuna da gona a jingine. Ita ma wannan maganar ce, har ta fi zafi, don wanda ya ba da kuɗin shi ke noma gonar duk damina, ku kuna sayen hatsi a tiya. Ruwanta ke nan, ko da ba a kira shi ruwa ba. Mai son fansa ta yi ƙoƙari ta haɗa kuɗin tun da bazara. In ya riga ya yi shuka, kin ƙara shekara.

Sauran magana ɗaya, ita ce mai nauyi, kuma na ji daɗi da mazan na nan. Gidan nan da sunan wa yake? Mafi yawa da sunan maigida. Ke kin zuba shekara goma na guminki a ciki. In ta Allah ta kasance, rabon mace a gadon miji tumuni ne in akwai 'ya'ya, wato ɗaya cikin takwas, in ku biyu ne ko huɗu wannan ɗaya cikin takwas ɗin za ku raba. In kuma aure ya mutu, Allah ya kiyaye, kin san yadda ake fita. Mun ga matan da suka gina ɗaki da kuɗin ƙuli-ƙuli suka fita da akwati. Ba rashin yarda ba ne a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ku zauna da maigida cikin daɗin rai ku yanke: kuɗin nan kyauta ce, ko rance ne, ko kuwa kina da kaso a gidan? In kyauta ce, Allah ya ba da lada, kin san kin bayar. In rance ne, ana fitar da bashi kafin a raba gado. Mu namu rance muka rubuta, yayana da ƙanen Malam suka sa hannu, kowa na da kwafi, duk ƙarshen shekara a ƙara sabon adadi. Malam da kan shi ya ce hakan ya fi mashi, don kar a bar 'ya'ya da rigima.

Don haka ina roƙon Hajiya Shugaba da Ma'aji, in zai yiwu, a ware rabin awa a taron wata-wata, duk mai takardar bashi ko ta jingina ta kawo a karanta mata, a buga mata lissafi, wadda ba ta iya rubutu ba a rubuta mata a gaban shaidu. Malama ta ce za ta riƙa zuwa. Ni ma zan zo da littafina duk mai son gani ta gani, sai dai ta yi haƙuri da shafukan farko, lokacin bakwai ɗina da ɗaya ba a bambance su.

 Allah ya biya ma kowa bashin da ke kan shi, ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya maida kowa gida lafiya.