Akawun Kwal Da Ya Sa Adireshin Gidansa

 Yau za mu kai ku Ingila, mu ba ku labarin mutanen da su ka yi fafutukar canja dokar da ta ke ɗaure 'yan luwaɗi. Mun ga waɗansu sun ɗaure fuska tun daga jin sunan abin. To, ku saurara tukuna. Abin da mu ke so mu duba shi ne su wane ne su ka ɗauki nauyin aikin, su wa su ka mara musu baya, me kuma kowa ya yi hasara. Idan ka buɗe littafin tarihi sunayen sarakai da 'yan majalisa za ka tarar, amma kun san zancen Hausawa, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A cikin 1885 Majalisar Ingila ta yi doka cewa duk namijin da a ka samu da laifin neman namiji ɗan'uwansa, ko da a cikin ɗaka ne ba wanda ya gani, ana iya ɗaure shi har shekara 2 da aiki mai wuya. Da wannan doka a ka ɗaure marubuci Oscar Wilde a 1895. Da ita kuma a ka hukunta Alan Turing a 1952, masanin lissafin nan da ya taimaka wajen warware asirin saƙonnin Jamus a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda su ka fi cin ribar dokar kuwa su ne 'yan damfara. Mutum ya sami wata wasiƙa taka, sai ya zo ya ce ka ba shi fam kaza kowane wata ko ya kai ka wurin 'yan sanda. Ba ka da inda za ka kai ƙara, domin ran da ka buɗe baki kai za a fara kamawa. A ƙarshen 1954 maza fiye da 1,000 su ke kurkuku a Ingila da Wales a kan wannan laifi.

A wannan shekara ta 1954 a ka yi shari'ar da ta girgiza ƙasar, domin har da wani basarake, Lord Montagu, a cikin waɗanda a ka gurfanar. Tare da shi akwai wani ɗan jarida, Peter Wildeblood, wanda ya tsaya gaban alƙali ya amsa cewa lalle shi mai son maza ne. An ɗaure shi wata 18. Da ya fito bai ɓuya ba, sai ya rubuta littafi da sunansa na gaskiya, kana ya tafi ya ba da shaida gaban kwamitin da Gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Sir John Wolfenden, shugaban Jami'ar Reading. Ran 4 ga Satumba, 1957, kwamitin ya fitar da rahotonsa, ya ba da shawara cewa abin da manya biyu masu shekara 21 ko fiye su ka yi a ɓoye da yardar juna, a daina lissafa shi cikin laifuffukan da hukuma ta ke hukuntawa. Hujjarsu ita ce zunubi dabam, laifin kotu dabam, kuma ba kowane zunubi ne aikin ɗan sanda ba. Gwamnati ta yi godiya, ta sa rahoto cikin kabad ta rufe. Wannan hali na gwamnatoci ba sai mun yi muku bayaninsa ba.

Sai wani malamin jami'a a garin Bangor, Mista Tony Dyson, ya zauna ya yi ta rubuta wa manyan ƙasa wasiƙu ɗaya bayan ɗaya. A watan Maris 1958 jaridar Times ta buga takarda mai sa hannun mutum 33 suna roƙon a yi aiki da rahoton. A cikinsu akwai Clement Attlee, tsohon Firayim Minista, da masanin falsafa Bertrand Russell, da bishof-bishof na Cocin Ingila. Daga nan a ka kafa ƙungiyar neman gyara dokar a Landan. Sakatarenta na fari wani malamin coci ne mai mata, Andrew Hallidie Smith. A 1962 wani mutum ya karɓi aikin, ya riƙa sa hannu da sunan Antony Grey, wanda ba shi ne sunansa na yanka ba. Ku lura da wannan. Yawancin manyan da su ka ba da sunayensu ba abin da zai same su, domin matsalar ba tasu ba ce. Waɗanda abin ya shafa kuwa, su ne masu buga keken rubutu da lasar kan sarki, su ne kuma ba su da halin faɗin sunansu.

Dabarar mutanen Landan ita ce a bi manya a hankali, a sha shayi da 'yan majalisa, kada a ta da ƙura. A 1960 a ka kai maganar Majalisar Wakilai, a ka kayar da ita da ƙuri'a 213, masu goyon baya 99. Waɗansu wakilan Jam'iyyar Leba, watau jam'iyyar ma'aikata, su kan ce su dai ba su ƙi ba, amma talakawan da su ka zaɓe su, musamman masu haƙar kwal, ba za su taɓa yarda ba.

Nan ne mutumin da mu ka sa wa laccar nan suna ya shigo. Allan Horsfall, an haife shi a 1927 a jihar Lancashire, arewacin Ingila, ƙasar masaƙu da ramukan kwal. Akawu ne a Hukumar Kwal ta ƙasa, ya kuma taɓa zama kansila na Jam'iyyar Leba a garin Nelson. Ya yi ƙoƙari reshen jam'iyyarsa ya goyi bayan rahoton Wolfenden, 'yan'uwansa na jam'iyya su ka danne maganar. Wanda ya taɓa riƙe littafin mitin ya san yadda a kan yi: yau a ce lokaci ya ƙure, gobe a ce sai an tambayi na sama.

A 1964 shi da waɗansu abokansa su ka kafa kwamitinsu na arewa maso yamma a yankin Manchesta, wani bishof mai suna Ted Wickham ya tallafa musu. To, kwamiti sai da adireshin da za a riƙa aiko wasiƙu, su kuwa ba su da kuɗin hayar ofis. Sai Horsfall ya sa adireshin gidan da ya ke kwana, a garin Atherton, tsakiyar unguwar masu haƙar kwal, a kan takardun da a ka buga a ka rarraba. Ku tuna a ran nan doka tana nan daram. Yana zaune gida ɗaya da abokin zamansa, malamin makaranta. Da 'yan sanda sun ga dama da sun ƙwanƙwasa ƙofa, aikin mutum biyu ya tafi, a bi su da ɗauri. Jaridar yankin ta buga labarin kowa ya karanta. Ya zauna yana jiran jifa, jifa ba ta zo ba. Maƙwabta su ka ci gaba da gaishe shi kamar kullum, wurin aiki kuma ba a kore shi ba. Wasiƙu dai su ka yi ta zuwa daga mutanen da ba su taɓa gaya wa kowa halin da su ke ciki ba. Mu a ganinmu wannan adireshi ya fi sa hannun mutum 33 ɗin nan nauyi, domin ya nuna cewa masu fakewa da talaka suna cewa ba zai yarda ba, ba su tambayi talakan ba.

Ba mu ce manya ba su yi kome ba. Lord Arran ya kai shirin doka Majalisar Sarakuna a 1965, Babban Bishof na Kantabari, Michael Ramsey, ya goya masa baya, ko da ya ke bai fasa cewa abin zunubi ne ba. Humphry Berkeley na Jam'iyyar 'Yan Mazan Jiya ya kai ta Majalisar Wakilai a farkon 1966, a ka rushe majalisa kafin a gama, ya koma zaɓe ya faɗi a mazaɓarsa ta Lancaster. Sai Leo Abse, lauya daga Wales, ya ɗauka, Ministan Cikin Gida Roy Jenkins ya ba shi lokaci, a ka kwana ana muhawara har gari ya waye. Ran 27 ga Yuli, 1967, Sarauniya ta amince, shekara 10 ke nan bayan rahoto.

Dokar rabi-rabi ce. Ingila da Wales kaɗai ta shafa, ban da soja, ban da ma'aikatan jiragen ruwa na fatauci. Sikotlan sai 1980. Ireland ta Arewa sai 1982, bayan wani mutumin Belfast, Jeff Dudgeon, ya kai Gwamnati ƙara kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ya yi nasara a 1981. Manyan Landan da yawa su ka ce aiki ya ƙare, su ka koma gida. Kwamitin Horsfall bai watse ba, ya zama ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya mai rassa a garuruwa, shi kuma bai saki aikin ba har ya tsufa. Ya rasu a 2012.

Saura maganar masu haƙar kwal ɗin da a ka yi ta tsorata mutane da su. A watan Maris 1984 su ka shiga yajin aiki don Gwamnatin Margaret Thatcher tana shirin rufe ramuka, yajin ya kai shekara guda, kotu ta riƙe asusun ƙungiyarsu, yunwa ta shiga gidaje. Sai waɗansu samari biyu a Landan, Mark Ashton da Mike Jackson, su ka tara 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, su ka ɗauki bokitai su ka tsaya bakin kantuna da gidajen rawa suna roƙon kwabo-kwabo. Su ka tara fiye da fam 20,000, su ka kai da hannunsu ƙauyukan kwarin Dulais a kudancin Wales. Da fari an yi ɗari-ɗari, daga baya a ka sauke su cikin gidaje, a ka ci tare.

An ci masu haƙar kwal a yajin, su ka koma aiki a Maris 1985 hannu wofi. Amma a watan Yuni su ka shigo mota da tutocinsu su ka zo Landan, su ka shiga gaba a jerin gwanon shekara-shekara na waɗancan mutane. Da a ka zo babban taron Jam'iyyar Leba na shekarar a Bournemouth, a ka kawo ƙudurin goyon bayan haƙƙinsu, ƙungiyar masu haƙar kwal ta zuba ƙuri'unta gaba ɗaya, ƙuduri ya wuce. Mark Ashton bai daɗe ba bayan haka, cutar ƙanjamau ta kashe shi a watan Fabrairu 1987, yana da shekara 26.